Yara na zuwa a makare, an hana bulala: amsa ga wani malami a Agege

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta a Agege, mai haɗa boko da Islamiyya, daga firamare zuwa ƙaramar sakandare, kuma yawancin yaranmu 'ya'yan Hausawa ne. Wannan zangon aka ɗora mini tsaron ƙofa da ladabtarwa. Ƙarfe takwas ake shiga aji, amma har takwas da rabi yara na shigowa. Mai makaranta ya hana bulala, ya ce gwamnati ta hana. Na gwada tsare 'yan latti awa ɗaya bayan an tashi, iyaye suka yi mini ca, wasu suka ce in zane yaran kawai in sallame su. A aji ma raini ya fara shiga tsakanin yara da malamai. Yaya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, Allah ya taya ka riƙo. Aikin ƙofa babu malamin da ke son sa, shi ya sa ake yawan jibga wa sabon zuwa.

Ka ajiye maganar hukunci tukuna, na mako biyu. Ka sayi littafi mai kauri ka zauna da shi a bakin ƙofa. Duk yaron da ya shigo bayan takwas, ka rubuta sunansa da ajinsa da lokacin da ya iso, da unguwar da ya fito, da ƙafa ya zo ko a mota, da wanda ya kawo shi. Ka tambaye shi dalili ba tare da tsawa ba, ka rubuta abin da ya faɗa ko da ka san ƙarya ce, ka ce ya wuce aji. Abokan aikinka za su ce ka sake wa yara. Ƙyale su su faɗa. Kafin mako biyun su cika littafin zai nuna maka abin da ba ka iya gani da safe, lokacin da yara talatin suka taru a gabanka kowa na haki: ba abu ɗaya ya makarar da su ba, kuma da yawansu lattin ba nasu ba ne.

Ɗauki ƙananan 'yan firamare. Yaro ɗan shekara shida ba shi ke tayar da kansa ba, ba shi ke dafa ruwan wanka ba, kuɗin mota ma ba a hannunsa yake ba. In ya iso takwas da rabi, uwarsa ce ta makara, ko ubansa, ko yayar da ke rako shi. Ka sa shi durƙuso a rana, gobe ma takwas da rabi zai zo, domin mai riƙe da agogon yana can kasuwa bai ji komai a jikinsa ba. Wannan kaso ba su da abin yi da hukunci sam. Maganarsu da iyaye ce.

Sai waɗanda hanya ke riƙewa. Kai ma a garin kake, ka san yadda titin Legas zuwa Abeokuta yake da safe daga Abule Egba zuwa Iyana-Ipaja, ka san danfo, ƙaramar bas ta haya, ba ya tashi sai ya cika, ka san kwandasta kan tsallake ɗan makaranta ya ɗauki babba saboda yaron zai nemi ragi. Gadar sama ta Pen Cinema a Agege da aka buɗe a 2021 ta rage wahala, jirgin ƙasan da ke tashi daga Agbado zuwa Oyingbo ta Agege ya fara aiki a 2024, amma yawancin yaranka ba su ne hanyarsu ba. Tun 2022 aka hana acaɓa a ƙananan hukumomi goma, ciki har da Ikeja da Mushin da Oshodi-Isolo da Kosofe, saboda haka yaron da a da ake ɗora shi bayan babur in lokaci ya ƙure, yanzu sai dai ya bi layi. Daga cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuma, gidaje da yawa sun koma ba yaro kuɗin zuwa ko na dawowa, ba duka biyun ba. Ka lura da shafukan Yuni da Yuli a littafinka in damina ta kankama: ranar da aka kwana ana ruwa, sunaye za su ninka, har da na yaran da ba su taɓa makara ba. A irin wannan rana ni nakan rufe littafin ne kawai. Amma fa yaron da kullum yake cewa gosulo, shi ba uzuri gare shi ba, domin abin da ke faruwa kowace safiya ya zama sananne, sai a fito da wuri. Abin da zai raba maka su shi ne maƙwabtaka. In yara biyar daga layi ɗaya suke fitowa, huɗu suna isowa bakwai da rabi, ɗaya sai takwas da kwata, to ba titi ba ne.

Kaso na uku su ne masu aiki kafin makaranta, kuma su ne suka fi ba ni tausayi, domin ba sa faɗa. Yarinya ta tashi tun duhu, ta yi shara, ta ɗebo ruwa, ta jira layin banɗaki a gidan haya mai ɗaki goma da makewayi ɗaya, ta yi wa ƙannenta wanka, wata ma sai ta kai koko da ƙosai bakin titi ta sayar kafin ta sa kayan makaranta. Yaro ya taya ubansa buɗe shago, ko ya bi shi mayankar Oko-Oba tun asuba. In ka tambaye su sai su sunkuyar da kai, don ba za su tona asirin gidansu a gaban yara ba. Akwai wata alama da za ka duba. Kasuwannin Legas ba sa buɗewa da safiyar Alhamis sai ƙarfe goma saboda tsaftar muhalli. Yaron da ke makara kullum ban da Alhamis ya gaya maka inda yake tsayawa ba tare da ya buɗe baki ba.

Haka masu karatun allo bayan asuba. Iyaye da yawa sun taho da tsarin gida: a yi salla, a yi karatu har gari ya waye sarai, sannan a shirya boko. Sun manta Legas tana yamma da Kano, asubarta tana jinkiri da kusan minti ashirin, wani lokacin na shekara ma ya fi haka. A watan Janairu da Fabrairu rana ba ta fitowa a nan sai wajen ƙarfe bakwai. Malamin allon da ke sallamar yara in rana ta fito ya riga ya makarar da su bai sani ba. Wannan ba ya bukatar faɗa da kowa. Ka je ka gaishe shi da ladabi, ka roƙe shi ya riƙa sallamar 'yan boko da agogo ba da hasken rana ba. Ban cika ganin wanda ya ƙi ba in aka je masa ta hanyar girmamawa.

In ka cire duk waɗannan, za ka ga saura kaɗan ne, kuma kusan sunaye ɗaya ne ke maimaituwa. Su ne suka bar gida a kan lokaci suka tsaya ƙwallo, ko shagon wasan gem, ko suka kwana danna waya. A cikinsu ma ka duba darasin farko na ranar. Yaron da ba ya makara sai ranar da lissafi ne farko, ba barci ne ya ɗauke shi ba, ko bai yi aikin gida ba ne ko tsoron malamin yake ji. Waɗannan 'yan kaɗan su ne aikinka na ladabtarwa. Sauran aikin waya ne da ziyara.

Yanzu bulala. Mai makarantarku gaskiya ya faɗa maka. Jihar Legas tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2007, a 2022 kuma gwamnatin jihar ta bayyana ƙarara cewa babu duka a makarantu, na gwamnati da masu zaman kansu. Kwamishinan ilimi ya sake nanata haka a 2025, ya ce nasiha da jan kunne su ne madadin, tare da ƙananan horo irin su tsintar shara. Ka tuna bidiyon da ya zagaye wayoyi a watan Janairun 2025, na wata malama a Ikorodu da ke marin yaro ɗan shekara uku a aji. An kama ta, an gurfanar da ita gaban kotu. Akwai ofishin tabbatar da ingancin ilimi da ke sa ido kan makarantu irin taku, akwai hukumar DSVA mai karɓar ƙorafin cin zarafi, kuma kowane gida akwai waya mai kyamara. Uban da ya ce maka "Malam, ka zane shi, na ba ka izini" ba zai iya ba ka izinin abin da doka ta hana ba. Ranar da tsumagiya ta kauce ta sami ido, ko yaron da ke da sikila ya faɗi a hannunka, shi wannan uban ko ƙanen matarsa ne zai zo da 'yan sanda, kuma makarantar ba za ta tsaya maka ba.

Na san abin da ke damun iyaye, kuma ba na raina shi. Suna ganin sun kawo 'ya'yansu garin da yaro ke iya lalacewa cikin wata ɗaya, suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wasu kuma za su kawo maka hadisin umartar yara da salla a shekara bakwai da dukansu a kanta a shekara goma. Ka saurare su, sannan ka tuna musu sauran abin da suka sani. Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko tir ba. Nana A'isha ta ce bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Malaman Malikiyya da suka halatta dukan ɗalibi ma sun ɗaure shi da sharuɗɗa masu tsauri: Ibn Sahnun na Ƙairawan, a ƙasar Tunisiya ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya taƙaita shi a bulala uku, ya hana dukan fuska da kai, ya hana malami duka cikin fushi. Ka gaya mini malami nawa ka gani ya ɗaga bulala ba cikin fushi ba. Ibn Khaldun kuwa cewa ya yi tsanantawa ɗalibi na koya masa ƙarya da yaudara da kasala, domin yana koyon ɓoye abin da ke ransa don gudun azaba.

Wannan magana tasa a bakin ƙofa ake ganin gaskiyarta. Yaro ya dubi rana ya ga ya makara da minti goma, ya san bulala shida na jiransa. Me zai yi? Zai laɓe a lungu har mai tsaron ƙofa ya tashi, ya lallaɓo ƙarfe tara. Ko ya ce tunda dukan ɗaya ne, bari ya gama kallon ƙwallonsa. Ko kuma ya fasa zuwa gaba ɗaya, ya yini a gindin gada da kayan makaranta a jikinsa, ya koma gida lokacin tashi. Tsananin hukunci yana mayar da mai latti ɗan fashin makaranta, kuma a Legas wanda ya yini a titi akwai masu jiran sa. Shi ya sa nake adawa da kulle ƙofa a bar yara a waje, duk da na san makarantu da yawa na yi. Yaron da ya iso, ko ƙarfe nawa ne, a shigo da shi.

Kada kuma a shigo da shi a ɓata masa darasin farko da durƙuso ko tsallen kwaɗo. Yi lissafin da kanka. Yaron da ke makara minti 15 kullum, a zango mai mako 12, ya rasa minti 900, wato awa 15 na karatu, kuma galibi Turanci ko lissafi ne ake sawa da safe. In ka ƙara masa rabin awa na horo a bakin ƙofa, kai da hannunka ka ninka asarar sau uku. Dalilin hana latti shi ne kada karatu ya wuce yaro, to me ya sa maganin zai zama hana shi karatun? Ya sa hannu a littafi, ka ba shi 'yar takardar shiga, ya shiga aji shiru ya zauna a kujerar da ke kusa da ƙofa don kada ya ratsa mutane. Bashin yana nan, za a biya daga baya.

Wannan ya kawo mu ga tsarewar da ka yi. Tunanin ba laifi ba ne: wanda ya ci lokacin makaranta ya biya da nasa lokacin. A Ingila, inda aka hana duka a makarantun gwamnati da dokar 1986, tsare yaro bayan tashi shi ne babban horo, doka ta ba makaranta ikon yin sa ko iyaye ba su yarda ba, tun 2011 ma an cire sharaɗin sanar da su kwana ɗaya kafin ranar. Amma ka dubi abin da awa ɗaya take nufi a Agege. Yarinyar da ka tsare ita ce ke mayar da ƙannenta biyu gida, saboda haka ka tsare yara uku, biyu ba su yi komai ba, ko kuma sun kama hanya su kaɗai. Ayarin da take tafiya da su sun wuce, za ta bi layin ita kaɗai. Uwarta ba ta san inda take ba, kuma ka san abin da ke zuwa zuciyar uwa a garin nan in yaro bai dawo a kan lokaci ba. Wani yana da Islamiyyar yamma ko hadda bayan la'asar, inda za a sake hukunta shi a kan lattin da kai ka jawo. In hadari ya haɗu kuwa, awa ɗayarka ta zama uku. Iyayen da suka yi maka ca ba horon suka ƙi ba, shaida kuwa ga shi suna cewa ka yi duka. Abin da suka ƙi shi ne yaro ya yi dare a hanya ba da saninsu ba.

Ka mayar da tsarewar cikin yinin makaranta. Lokacin tara, wato hutun cin abinci, in abokansa sun fita wasa, mai latti ya zauna minti goma zuwa goma sha biyar a aji ɗaya da aka ware, kai kana zaune. Ba ka hana shi cin abincinsa, ba ka hana shi zagayawa, ba ka hana shi salla. Aikin da zai yi shi ne kwafe abin da ya wuce shi da safe daga littafin abokinsa, ka duba ka sa hannu. Kada ka ba shi rubuta jimla ɗaya sau ɗari, wannan na sa yaro ya tsani alƙalami ne kawai. Minti goma sha biyar na jin ihun 'yan ƙwallo ta taga ya fi ciwo a wurin ɗan shekara goma sha biyu fiye da yadda kake zato, ba kamar bulala ba da zafinta ke wucewa kafin ya kai ƙofar aji, har ya shiga yana yi wa abokansa alfahari bai yi kuka ba. Abin da ke sa wannan ya yi aiki shi ne tabbas. A yi shi ranar da aka yi laifin, a yi wa kowa, har da ɗan mai makaranta da ɗan alhajin da ya saya muku janareta. Ranar da ka ɗaga wa ɗaya ƙafa saboda ubansa, yara sun gani, kuma sun gama da kai.

In dole sai an tsare bayan tashi, sai ga 'yan sakandare da suka maimaita laifi bayan an yi na lokacin hutu bai yi ba. A kira gida tun ana gobe, a ji muryar uba ko uwa, kada a wuce rabin awa, ban da Juma'a, ban da watan azumi. Ƙofar ajin a buɗe, kuma kada ka kuskura ka zauna kai kaɗai da ɗaliba mace. Ka nemi malama ta zauna, ko a yi a barandar ofis inda kowa ke gani. Wannan kariya ce gare ta da kai.

Wani zai ba ka shawarar tara ta kuɗi, naira ɗari ko biyu a bakin ƙofa. Ka ƙi. Kuɗin daga na abincin yaro ko na motarsa zai fito. Kuma an gwada abin an gani: wasu masana tattalin arziki biyu sun yi nazari a gidajen renon yara a birnin Haifa, suka wallafa a shekarar 2000, inda aka sa wa iyayen da ke makara wajen ɗaukar 'ya'yansu tarar kuɗi. Lattin ƙaruwa ya yi, domin iyayen sun daina jin kunya, sun ɗauka saya suke yi. Da aka cire tarar ma bai koma yadda yake ba.

Akwai abin da ya fi duk wannan sauƙi, sai dai yana bukatar haɗin kan malamai. A sa wani abu mai daraja a minti goman farko: tambaya biyar a allo, a amsa a karɓa, makin ya shiga cikin na zango. Wanda ya makara ya rasa, ba tare da kowa ya ɗaga murya ba. Sharaɗinsa malami ya kasance a aji ƙarfe takwas. Ka duba littafin sa hannun malamai kafin ka duba na yara, domin in yaro ya san ko ya zo da wuri zaman jira zai yi har takwas da rabi, lissafinsa daidai ne. Gwamnatin jihar ma da ta kawo shirin inganta koyarwa na EKOEXCEL a makarantun firamarenta a 2019, cikin abubuwan da na'urar da aka ba malamai ke yi har da nuna lokacin da malami ya iso. Wannan magana ba kai za ka faɗa wa abokan aikinka ba, kana sabo. Ka kai wa mai makaranta a keɓe.

Game da rainin da ka ce ya shiga aji: ba hana bulala ne ya kawo shi ba, hana bulala ya tona cewa wasu malaman ba su da wani abu a hannu sai ita. Malamin da ya shigo da darasi a shirye, ya san sunan kowane yaro, yana zagayawa ba ya manne wa allo, da wuya ajinsa ya rikice. Yawancin surutu a giɓi yake tsirowa, lokacin da malami ke neman alli ko ya juya baya yana cika allo da rubutu na minti ashirin. In yaro ya fara, a bi shi daki-daki. Kallo tukuna. In bai bari ba, ka matsa kusa da shi kana ci gaba da bayani. Sannan ka kira sunansa ka jefa masa tambaya a kan darasin. Sannan gargaɗi a hankali, a kunnensa, ba a gaban aji ba. Sannan sauya masa wurin zama, sannan ganawa bayan darasi, sannan kiran gida. Malamin da ya fara da tsawa ya ƙarar da harsashinsa tun a harbin farko. Kuma kada ka yi barazanar abin da ba za ka aikata ba.

Abubuwa uku zan so ka roƙi mai makaranta ya hana. Hukuncin kan mai uwa da wabi, a sa aji duka durƙuso saboda mutum biyu, yana koya wa mai natsuwa cewa natsuwarsa ba ta da amfani. Ba monita aikin rubuta sunayen masu surutu yana haifar da gaba da cin hancin alewa, kuma sunan abokinsa ba ya taɓa fitowa. Sai zagi, musamman wanda ya taɓa iyaye. Yaron Bahaushe zai manta da bulala goma, ba zai manta da ranar da malami ya ambaci uwarsa a gaban aji ba.

Akwai wani aiki da ya faɗo kanka ko ba a rubuta maka shi ba. Makarantu irin taku sukan ɗauki malaman boko Yarbawa da Ibo da sauransu, kuma da yawansu ƙwararru ne. Amma abin da mu muka koya wa yaro a matsayin ladabi, ya sunkuyar da kai ya yi shiru in babba na yi masa faɗa, wani malamin yakan ɗauke shi taurin kai, ya ce ina tambayarka ka ƙi amsawa. Ga kuma yaron da aka kawo daga Arewa jiya-jiya, Turancin bai zauna ba, Yarbancin da dokar jihar ta 2018 ta wajabta koyarwa bai taɓa ji ba, an ba da umarni bai gane ba, an ce ya yi kunnen ƙashi. Ko ɗan shekara goma sha huɗu da ya sauke Alƙur'ani aka sa shi aji uku na firamare cikin ƙananan yara. In aka tsawata masa a gabansu, ko dai ya yi faɗa ko ya daina zuwa. Irin wannan a keɓe ake yi masa magana, kuma in ka ba shi wani nauyi, kamar jan salla ko kula da layin ƙanana, sai ka ga ya zama na hannun damanka. Ka zauna da waɗannan malamai ka bayyana musu, su ma za su gaya maka abin da ke ba su haushi da kai ba ka lura da shi ba.

Wajen iyaye, ka bar rubuta wasiƙar Turanci kana ba yaron da ya yi laifin ya kai gida. Ba ta isa. Ka aika saƙon murya da Hausa ta WhatsApp, ko ka kira bayan azahar lokacin da kasuwa ta lafa, ba da safe ba da ciniki ke kankama. Ka fara da gaisuwa da wani abin kirki game da yaron, sannan ka karanta abin da ke littafi: "Alhaji, cikin kwana goman nan sau bakwai yana isowa bayan takwas da kwata. Ko akwai abin da ke riƙe shi da safe?" Uba na iya musun ra'ayinka, ba ya iya musun kwanan wata. Kuma ka nemi a haɗa ka da uwar, ta hannun malama in gidan masu kulle ne, domin safiyar gida a hannunta take. Sau da yawa gyaran ɗan ƙarami ne: a ɗebi ruwa da dare, a goge kaya da dare, a karɓe waya ƙarfe tara, a ɗauke wa yarinya tallar safe a mayar ranar Asabar. In uba ya ƙi ji bayan an yi ta bi, limamin masallacin da yake salla ya fi takardar gargaɗi tasiri. Korar yaro gida na kwana uku saboda latti kuwa hutu ka ba shi, ka ajiye wannan don manyan laifuka irin su faɗa da makami.

Duk abin da kuka tsayar, a rubuta shi a shafi ɗaya da Hausa da Turanci: ƙarfe nawa ne latti, me ke biyo bayan na farko da na uku da na biyar a wata guda, wa ake kira, yaushe ake yafewa. Mai makaranta ya sa hannu, a karanta wa iyaye a taron farkon zango, a manna a bakin ƙofa. Ka roƙe shi kuma a riƙa juya tsaron ƙofar tsakanin malamai mako-mako, littafin dai ɗaya ne, a hannunka yake kwana.